Baƙin da Aka Goge

A layin masu buga takardu ba wanda yake kiran mutumin da sunansa na yanka. Baƙi suna ce masa Mai Hatimi, don sana'arsa ke nan. 'Yan layi kuwa Tsaf suke ce masa, tun yana ɓata rai har ya saba yana amsawa. Sunan bai faɗi a banza ba. In ka kawo masa aikin hatimi, ko allon suna na ƙofar ofis, ko ɗan ƙarfen nan da ake liƙawa a gindin kofin gasa, to ka nemi wurin zama, don yankan ba ya cin lokaci, gogewar ce take ci. Injin lesa, mai yanka da haske, yana barin toka da baƙin hayaƙi a bakin kowane harafi. Wasu masu sana'ar hurawa suke yi sau ɗaya su miƙa maka. Shi sai ya bi da buroshi mai laushi, ya bi da auduga da sifirit, ya ɗaga aikin ya karkata shi ga haske, in ya hango ɗigon baƙi ya koma farko. Yakan ce baƙin da ka bari a jikin aiki, a fuskarka ka bar shi. Tun yana sassaƙa roba da reza a kan benci haka yake, injin zuwa ya yi ya same shi da halinsa.

A ɗakin da ke bayan shagon yayansa yake zaune. Yaya tsohon direban babbar mota ne, ya ci hanya hanya ta ci shi, ga baki ga ban dariya. Matarsa ta rasu, 'ya'yan sun watsu neman na kansu, ciwon suga kuma ya riga ya karɓi ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, aka sa masa ta roba. Ta damar ce ta rage, ita ma zaman baƙunta take yi a jikinsa: jini yana zagayawa, amma ko allura ka soka mata ba ta san an yi ba. Idonsa ya yi hazo, ga tumbi, tafin ƙafar nan ya fi masa bayan wuya nisa.

Ranar da aka sallame shi daga asibiti, wata nas mai kaifin harshe ta tsayar da Tsaf a baranda ta yi masa karatu. Ta ce wannan ƙafar ba ta kuka, saboda haka wani zai riƙa yi mata. A duba tafin kullum. Ko ƙwayar ƙasa kada ta kwana a takalmin, ko zare, ko ƙura, don abin da mai lafiya zai ji ya cire, wannan takawa zai yi ta yi har ya huda shi. Ta ce in wannan ta tafi, sai keke.

Tun daga nan, kowane yammaci in an rufe shago, Tsaf yakan ja kujera, ya ɗora ƙafar Yaya a cinyarsa, ya haska tocila tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya tsani abin nan. Mutumin da ya goyi ƙanensa a baya, ya koya masa tsallaka titi, yau ga shi a kishingiɗe ana buɗa masa yatsu kamar jariri. Sai ya riƙa rufe kunyar da tsiya. Wata rana ya ce a duba da kyau ko an samu ma'adini, wata rana ya tambaya ko likitan tafi yana karɓar marasa lafiya daga waje.

Ana haka Auta ta zo hutu, 'yar Tsaf ta ƙarshe, wadda take aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje inda ake ƙera ƙananan na'urori. Baffan nata Injiniya yake ce mata tun tana kwance rediyonsa tana shan duka. Ta zo da naɗin wata leda mai ruwan zuma, siririya kamar fatar albasa amma ba ta yagewa, ta ce wa uban ya ara mata injinsa.

Ya tsaya a kanta yana kallo. Ta rage ƙarfin hasken yadda ba zai yanka ledar ba, sai dai ya lashi samanta. Kan injin ya yi ta kai da kawowa, duk inda ya bi sai baƙin layi ya fito, baƙi wuluk mai gashi-gashi kamar ƙasan tukunya. Tsaf ya ce ta ƙona abin. Ta ce ƙonawar ce aikin. Ta yi musu bayani cewa zafin yana korar komai daga fuskar ledar ya bar wannan baƙin, sunansa girafin, kuma wutar lantarki tana bin sa. In ka duba shi a gilashin ƙara girma kamar soso yake, duk ƙananan ramuka. In an danna shi ramukan su matse, tafiyar wutar ta canja. In ya ɗumama ma ta canja. Ga shi yana lanƙwasawa duk yadda aka lanƙwasa ledar.

"Wato gawayi," in ji Tsaf.

"Gawayin da ya yi boko," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Ka ga ya fi ni da kai."

Ta zana tafin baffan nata a takarda, ta yanka ledar daidai da shi, ta ƙona baƙin a wuraren da ƙafa take cin nauyi: diddige, gindin babban yatsa, gefen waje. Ta liƙa siraran wayoyi, ta rufe saman da wata roba mai laushi, ta shimfiɗa a cikin takalmin. Wayoyin suka hau zuwa wani ɗan akwati kamar na ashana da ake ɗaurawa a idon sawu. In komai lafiya, fitila koriya. In wani wuri ya daɗe yana shan matsi, ko ya fi sauran zafi, sai akwatin ya kama tsuwa. Ta jefa maɓallin riga a takalmin, Yaya ya taka zuwa bakin titi ya dawo, abin ya kama kuka kamar ɗan tsako. Yaya ya yi dariya har da hawaye. Ya ce rabon da ƙafar nan ta yi masa magana ya manta.

Ba a yi nisa ba abin ya nuna kansa. Yaya yana zaune wurin mai gyaran taya sai ga tsuwa, aka cire takalmin aka tarar safa ce ta naɗe a ƙarƙashin ƙaramin yatsa, har wurin ya yi ja. A yammacin nan, da Tsaf ya jawo kujera da tocila, Yaya ya janye ƙafarsa ya ce likitan tafi ya yi ritaya. Auta ta ce a'a, wannan gwaji ne, bai kai a saki ido ba, ko a wurin aikinsu ba a gama tantance shi ba. Yaya ya ce tafin nasa ne ko nata. Tsaf ya yi 'yar gardama ya bari. In za a faɗi gaskiya, shi ma ya gaji da ganin yayansa yana kau da kai duk yamma.

Hutu ya ƙare, aka kuma tura Auta wani kwas mai nisa. Shimfiɗar takalmin ba ta wuce 'yan makonni sai ta gaji, don haka kafin ta tafi ta bar zanen a kwamfutar shagon, ta bar naɗin ledar da robar, ta sa uban ya yi ɗaya a gabanta. Hannunsa ya fi nata daidaito, ita ma ta faɗa. Da ledar ta fito daga injin ta ga yatsunsa sun nufi buroshi, sai ta riƙe hannun.

"Baba, daga inji sai roba. Kada ka taɓa baƙin nan. Ko hurawa kada ka yi."

"Ni za ki koya wa inji?"

"Ba inji ba. Wannan kaɗai."

Ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin.

Ranar da canji ya zo, shagon ba kowa. Ya shimfiɗa ledar, ya danna, injin ya yi aikinsa. Ya ɗaga murfin ya zaro ta da yatsa biyu, kuma a ɗagawar nan wani ɗan ɓurɓushin baƙi ya faɗo a bayan babban yatsansa. Ya tsaya yana kallonsa. Ya murza, ya bar masa zane.

Maganar nas ɗin nan ta dawo masa, ko ƙwayar ƙasa, ko ƙura. Ga ƙura kuwa baƙa ƙirin, da hannunsa zai kai ta ƙarƙashin ƙafar da ba ta kuka. An ce roba za ta rufe, to roba ba ta tsagewa? Ya ga robar da ta fi wannan kauri ta buɗe baki. Yarinyar ta san littafi, ba ya musu, amma gama aiki ba a makaranta ake koyonsa ba, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ya ce bari dai ya hure gefe-gefe, ba zai taɓa tsakiya ba.

Ya hura. Ƙurar ta tashi ta zauna a inda babu ita da. Sai ya ɗauki buroshi don ya kwashe wadda ta zauna, buroshin ya taso da wata. Daga nan hannun ya karɓi aikin daga wurin mai shi. Hali zanen dutse. Auduga ta sha sifirit ta bi diddige, ta bi gindin yatsa, ta fito baƙa, ya canja wata, har wadda ta fito da ɗan toka-toka kawai. Layukan suna nan ba su katse ba, sun kwanta lumui suna ƙyalli kamar bakin fensir. Ya karkata ledar ga haske, bai ga abin da zai kunyata shi ba.

Duk da haka gabansa ya ɗan faɗi lokacin da zai haɗa wayoyin. Ya haɗa. Fitila ta kawo koriya. Ya sauke ajiyar zuciya, har ya yi wa kansa murmushi. Da Auta ta bugo waya ta tambaya, ya ce mata ya canja, kore ne. Bai ƙara komai ba. Uba ba ya kai wa 'yarsa rahoton yadda ya riƙe auduga.

Yaya kuwa duniya ta dawo masa sabuwa. Ya koma zuwa tashar manyan motoci da sandarsa, yana zama cikin tsofaffin abokan hanya, yana ɗage wando yana nuna musu akwatin. Ya ce musu yanzu yana da ɗan sanda a idon sawu, kuma wannan ba ya karɓar na goro. Filin tashar duk tsakuwa ne da gutsattsarin ƙarfe. Yakan fita da hantsi, sai rana ta yi sanyi ya dawo, ya kwanta da safarsa don ya ce ƙafar roba ba ta jin sanyi amma zuciyarsa tana ji wa ɗayar. In zai yi wanka ya zuba mata ruwa daga sama, ya mayar da safar. Fitilar tana nan koriya, safe da yamma. Tsaf yakan leƙa ya gan ta ya wuce.

Wari ne ya fara zuwa. Ɗan kaɗan, mai zaƙi-zaƙi, a lungun da ke tsakanin shagon da ɗakin. Tsaf ya ce ɓera ne ya mutu. Ya janye kabad, ya zazzage kwalaye, ya wanke ƙasa da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya je ya yi wa mai shagon kusa faɗa a kan kwatarsa. Yaya yana zaune a kujera yana ba da umarni da sanda, yana cewa a duba bayan injin. Washegari ya ce jikinsa ba daɗi, zazzaɓin sauro ne, aka sayo masa magani. Ranar da ta biyo baya ya kasa cin abinci, amma ya lallaɓa ya fita, wai zaman ɗaki ne yake kashe direba.

Lokacin canji ya sake zagayowa. Tsaf ya yi sabuwar shimfiɗa, ya goge ta fes kamar waccan, ya shiga ɗakin ya ɗauki takalmin a gefen katifa. Da ya sa yatsa zai zaro tsohuwar, sai ya ji danshi. Ya fito da ita bakin ƙofa. Robar ta rine da ruwa mai launin tsatsa, kuma daidai gindin babban yatsa, a tsakiyar baƙin da ya fi ko'ina ƙyalli, wani ɗan guntun waya ya nutse a ciki, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ya durƙusa ya kama safar. Ta liƙe. Yaya yana kallon rufi yana cewa me kuma ya faru, ai ba ta yi kuka ba. Da safar ta fita Tsaf ya ga ramin, ya ga yatsan ya koma launin toka, ya ga jan ya haura har idon sawu, inda akwatin nan mai koriyar fitila yake ɗaure.

A asibiti nas ɗin nan ce dai. Ta buɗe, ta duba, ta ɗago ta dubi Tsaf. Ba ta yi masa karatu ba wannan karon, ta tambaya kawai yaushe rabon da wani ya kalli tafin da idonsa. Likitoci sun yi abin da za su iya. Suka cire yatsan suka jira, suka ƙara gaba suka jira, ana ta ɗura ruwan magani. Kowace safiya akan zana layi da biro a fatar don a ga ko jan ya tsaya, kowace safiya a tarar ya tsallake.

Auta ta baro kwas ɗin ta taho. Daga tasha asibiti ta wuce, daga asibiti shago, ko mayafinta ba ta ajiye ba. Ta ce a ba ta shimfiɗar. Tsaf ya riga ya ƙona tsohuwar saboda wari, sai ya miƙa mata sabuwar da bai kai ga sawa ba. Ta karɓa, ta karkata ta ga haske, irin karkatawarsa. Ta daɗe a haka.

Ta haɗa ta da mitar auna wuta, allurar ta motsa, wuta tana bi. Ta sa babban yatsa ta danna diddigen da ƙarfinta, allurar ba ta ko girgiza ba. Ta danna gindin yatsa, haka. Sai ta yanko sabuwar leda ta sa a injin, ta ƙona, ta ɗauko ta da baƙinta da gashinta, ta ɗora roba, ta haɗa da akwatin, ta kama yatsan ubanta ta ɗora a kai ta riƙe. Jim kaɗan akwatin ya kama tsuwa. Ya cika shagon. Ba wanda ya kashe shi sai da ya yi shiru don kansa.

Daga baya, tana naɗe wayoyin, ta ce sosan na sama shi ne mai ji. Na ƙasa hanya ce kawai, wuta za ta bi ta ko an danna ko ba a danna ba, akwatin kuma wutar kaɗai ya sani. Ta ce laifinta ne da ba ta sa shi ya riƙa dannawa yana gwadawa ba, kuma ba ta sa akwatin ya san bambanci ba.

"Na ga ƙura ce," in ji shi. "An ce kada ƙura ta shiga."

"Na sani, Baba."

Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

An yanke ƙafar da safe, daga ƙasan gwiwa, daidai da 'yar'uwarta. Sai bayan la'asar aka bar su suka shiga. Ɗakin mai gadaje da yawa ne, ga warin magani, ga fanka tana juya zafi. Bargon ya kwanta shafal daga gwiwa zuwa ƙarshen gadon. Yaya ya rame a 'yan kwanakin nan, amma bakin yana nan. Ya riga ya saba da na gadon kusa, wani tsoho mai karyayyen ƙugu, har ya gaya masa yanzu an yi masa balas, mota ba za ta ƙara ja gefe ɗaya ba.

Yaya ya ga idon Auta ya kumbura, ya miƙa hannu ya kamo nata. Ya ce kada ta sa wa ranta, inji inji ne, shi da ya yi rayuwarsa a kan inji ya san ranar da zai ci amanarka ba ya sallama. Birki ma yana shanyewa. Auta ta sunkuyar da kai ba ta gyara masa ba.

Sai ya juya ga tsohon yana nuna Tsaf da haɓa.

"Wannan ƙanena ne da nake ba ka labari. Duk layinsu ba mai hannunsa. Na Injiniya na farko baƙi ne dumu-dumu, ina sawa ina ɗar-ɗar, kullum sai na sa mai gyaran taya ya zazzage mini takalmin a ɓoye. Ranar da na ga sabon yana ƙyalli, ko da wannan idon nawa, na ce to, hannun Tsaf ya shiga ciki. Daga ranar ban sake cire takalmin a waje ba. Hankalina kwance."

Tsohon ya ce Allah ya bar zumunci. Auta ta dubi ubanta, ta kau da kai.

Tsaf yana tsaye a ƙarshen gadon, inda da ƙafar za ta kasance. Yaya ya ce masa in ya koma gida ya ba mai gadin layi takalmin, sabo ne, kada ya lalace a banza, ya kuma fara tambayar inda ake samun keke mai ƙarfi, ba irin na gwangwani ba. Tsaf ya ce to. A jikin ƙarfen gadon akwai wani ɗan tabo, na tsatsa ko na wani abu, kuma sai da Auta ta taɓa masa gwiwar hannu sannan ya lura tun ɗazu yana murza shi da bakin hannun rigarsa.